Firinta ma tana magana, in an tambaye ta



A 1980, wani ɗakin binciken kwamfuta a jami'ar MIT da ke Amurka ya samu sabuwar firinta ƙirar Xerox. Ga ta da sauri, amma takarda na yawan maƙale mata, kuma a wani bene daban aka ajiye ta. Mutum ya tura aiki, ya taka har can, ya tarar babu abin da ya fito. Tsohuwar firintarsu ma takan cije, sai dai wani matashi, Richard Stallman, ya riga ya yi mata dabara. Ya gyara manhajarta yadda da zarar ta maƙale, za ta aika saƙo ga duk mai jiran aikinsa. Saƙo fa, jama'a, daga firinta! Da ya so yi wa sabuwar haka, aka hana shi ganin asalin rubutun manhajar. Wannan takaici na cikin abin da ya kai shi ga kafa shirin GNU, na manhajojin da kowa ke iya ganin asalin rubutunsu ya gyara, a 1983.

To, yau abin da ya nema yana hannunmu. A Linux da Mac, manhajar CUPS ke kula da bugawa. Michael Sweet ya fitar da ita a 1999, Apple ya saye ta a 2007.

In firintarka ta ƙi bugawa, buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni a kwamfuta. Fara da umarnin ping, sai adireshin firintar. In shiru, duba waya, ko kuma adireshin ne ya canza, abin da kan faru bayan an ɗauke wuta an dawo da ita. In ta amsa, rubuta lpstat -t. Na maimaita: lpstat -t. Zai nuna maka ayyukan da ke layi, da kuma ko an dakatar da firintar. Sau da yawa lafiyarta ƙalau, CUPS ce ta tsayar da ita bayan kuskure ɗaya. Umarnin cupsenable da sunanta ya tashe ta, cancel -a kuma ya share layin gaba ɗaya.

Lokaci na hararar mu. Ƙofar sadarwa ta 631 da ta 9100, da yadda umarnin snmpwalk ke faɗin sauran tawada, sai shiri na gaba. Masu shagunan buga takardu, don Allah ku gwada waɗannan kafin ku ɗora firinta a babur zuwa wurin mai gyara.