Kafin A Haƙa Fandisho A Fili Mai Gangare

Wanda ya san Daura zai ce ai garin a shimfiɗe yake, me ya kawo zancen gini a gangare? To, a ido ne kawai. Bari a tafka ruwan Agusta, ka fita bayan gari inda ake yanka sababbin fulotai, ta hanyar Zango ko ta Kwangwalam, ka ga yadda ruwa ke zaɓar hanyarsa yana yankar ƙasa. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi ya fi yawa. Tana shan ruwa da sauri, amma ba ta da danƙon da za ta riƙe kanta idan ruwa ya zo da gudu.

Da yawa cikinmu, da mun karɓi difloma, aikin farko da za a ba mu shi ne gidan kawu ko na yaya. Kuma sau da yawa filin da ya yi araha shi ne wanda ke gangare ko bakin kwari.

Abu na farko, a auna. Ba sai da na'urar safiyo ba. Farin tiyo mai tsawo, a cika shi da ruwa, mutum biyu su riƙe bakunansa a jikin turaku: ruwan zai tsaya daidai a ɓangarorin biyu, daga nan sai a auna zuwa ƙasa. Fili mai ƙafa 50 da 100 yana iya samun bambancin mita 1 tsakanin gaba da baya, ido bai lura ba. Mita 1 kuwa kusan layi huɗu ne na bulo.

Daga nan a kwashe ƙasar sama mai saiwoyi da taki, aƙalla santimita 15 zuwa 30. Sai babbar matsala, wato ciko. Abin da aka saba shi ne a yanko ƙasa daga tudu a zuba a kwari, a baje, fili ya yi kyau, washegari birkila ya ja igiya. A nan gidaje da yawa ke samun ciwon da ba ya warkewa. Rabin gidan yana kan ƙasar asali mai tauri, rabin yana kan ƙasar da aka zuba jiya. Damina biyu ko uku cikon ya zauna, ɓangare ɗaya ya nutse, sai ka ga tsaga ta tashi a karkace daga kusurwar taga. Mai gida ya yi ta liƙewa da siminti, tana dawowa.

Don haka ramin fandisho dole ya ratsa cikon ya taɓa ƙasar asali, komai zurfinta. Cikon da ke ƙarƙashin daɓen ɗaki kuma a yi shi da jar ƙasa ko burji, a zuba kaurin santimita 15, a yayyafa ruwa, a daddaɓe, sannan a ƙara wani. Lebura zai ce maka "Oga, ruwan sama zai danne shi." Zai danne shi, gaskiya ne, amma bayan an sa tayil.

A gangare ba a haƙa rami a karkace yana bin ƙasa, domin gini zai nemi zamewa. Ana yin sa hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa a miƙe. Tsayin hawa ya yi daidai da layin bulo don kada a yi ta fasa bulo, kuma kada ya wuce kaurin kankaren. Inda hawa biyu suka haɗu, kankaren sama ya hau kan na ƙasa da aƙalla santimita 30, ko ninki biyu na tsayin hawan idan shi ya fi. Ga bulo mai inci 9, faɗin kankare santimita 67.5 aka saba, wato ninki uku na kaurin bango. Idan gangaren ya yi tsanani, ko filin tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, wannan ya wuce hurumin ɗalibi. A kira injiniya mai rajista, ba abin kunya ba ne.

Yanzu ruwa. Yi wannan lissafin: rufin kwano mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa milimita 50 a dare ɗaya, zai zubar da lita 5,000. Duro 25 ke nan, duk a gindin bango. Magina na da sun san wannan, shi ya sa suke sa dogon indararo a soro ya cilla ruwa nesa da katanga. Mu kuwa sai mu kafa kwano mu bar ruwan yana haƙa rami a kan fandisho.

A fitar da kwata ta ɓangaren tudu ta tare ruwan da ke gangarowa daga maƙwabta, ta zagaya da shi gefen gida zuwa lambatun titi. Ƙasar da ke kewaye da gini ta sauka kamar santimita 15 a cikin mita 3 na farko, daɓen ɗaki kuma ya ɗara ƙasar waje da aƙalla santimita 15. Katangar da ke riƙe da ciko a bayanta tana buƙatar tsakuwa da ƙananan kafofi a ƙasa don ruwa ya tsiyaye. In babu su, nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne zai kwantar da ita, sau da yawa cikin gidan mutane.

Masai kuma a yi shi ta ƙasa da rijiya, da tazara mai kyau, kada ya zauna ta samanta. Kuma kafin ka juya bakin kwata, ka je ka zauna da maƙwabcin da ke ƙasa da kai, in da hali har da mai unguwa, a yarda da inda ruwan zai bi tun ba a zuba kankare ba.