Za Mu Neme Ka

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)



Yau da labarin wani yaro zan fara, ɗan yayata. Ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida ya zauna shekara biyu ba aikin fari ba na baƙi. Ran nan, wata Lahadi da daddare, sai ga saƙo ya shigo wayarsa daga wani kamfani a Abuja, wai ya zo intabiyu ranar Talata da ƙarfe 8 na safe. Uwarsa ta je ta roƙi uwar adashi a ba ta kwasa tun kafin zagayenta ya zo, aka haɗa masa kuɗin mota. Litinin ya tashi daga Kano, ya kwana a ɗakin wani abokinsa a Mararaba, da asuba ya fito. Bakwai da rabi ta yi masa a bakin ƙofar kamfanin.

Maigadi ya nuna masa wani dogon benci a baranda. Su wajen arba'in ne, kowa da ambulan ɗinsa a kan cinya. Tara ta yi, goma ta yi, sha biyu ta wuce, ba wanda ya leƙo ya ce musu ci kanku. Da azahar ta yi ya rasa yadda zai yi: ya tashi, kada a kira sunansa yana can, ya zauna, salla na wucewa. Sai ya bar wa na kusa da shi ambulan ɗinsa, ya sayi fiya wata ya yi alwala, ya shimfiɗa kwali a bayan ɗakin janareto ya yi salla a gurguje. Bayan ƙarfe uku aka kira shi. Mutum uku ya tarar a bayan tebur, ɗaya daga cikinsu tun shigarsa har fitarsa bai ɗaga kai daga waya ba. Aka tambaye shi sunansa, da jiharsa, da wanda ya ba shi labarin gurbin. Duka-duka bai yi minti biyar ba aka ce, "To madalla, za mu neme ka."

Wata takwas ke nan. Ranar da ya dawo, ya zauna a zaurena ya ce, "Kawu, ni dai ban san laifin da na yi ba." Wannan maganar ta tsaya mini a rai, ita ce ta kawo shirinmu na yau.

(Kiɗa kaɗan)

Bari mu fara da abin da ya rataya a wuyan mai nema, don akwai shi, kuma ba ƙarami ba ne.

Batun sammako ba ya buƙatar dogon bayani, da sanyin safiya ake kama fara. Tufafi ma haka: ba dole sai kwat ba, kaftani mai tsabta da guga da hula ya wadatar a yawancin wurare, haka hijabi ko mayafi na mutunci. Ka jera takardunka, na asali daban, fotokwafi daban, da takardar bautar ƙasa da ta shaidar ƙaramar hukuma, don kada ka tsaya kana zazzage ambulan a gaban mutane. Ka kashe waya kafin ka shiga. Ka bincika abin da wurin ke yi tun kana gida, domin ba abin da ke zubar da mutum kamar a tambaye shi me ya sani game da ma'aikatar da yake son shiga ya yi zuru.

Inda nake so mu daɗe shi ne wani abu da ya shafe mu mu Hausawa musamman. Tun muna yara aka koya mana cewa ba a kallon babba ido cikin ido. Aka koya mana sassauta murya. Aka ce mana yabon kai jahilci ne. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ni ma a cikinta na tashi, kuma ba na fatan ta gushe. To amma ɗakin intabiyu an gina shi ne a kan akasin haka. Ana so ka ɗaga kai, ka yi magana a ji ka, ka faɗi abin da ka iya da bakinka.

Na taɓa zama cikin masu tantancewa a wani wuri da ba sai na ambata ba. Wata yarinya ta shigo, ta yi sallama, ta zauna a bakin kujera tana murza gefen hijabinta. Duk tambayar da aka yi mata sai ta amsa daidai, har lissafin da ya kayar da maza biyar kafin ita ta warware shi a kan takarda cikin ɗan lokaci. Sai dai kanta na ƙasa, muryarta kuma sai ka kasa kunne. Da ta fita, abokin zamana, wanda ba a nan ya tashi ba, ya ce ba ta da ƙarfin gwiwa, ƙila ma tana ɓoye wani abu. Na ce masa kunya ce, girmama mu take yi. Muka yi ta ja har Allah Ya sa ya sauko. Amma na sha tunanin 'ya'yanmu nawa ne suka faɗi a irin wannan ɗaki saboda ba wanda zai fassara kunyarsu.

Saboda haka, ƙannena da 'ya'yana, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Faɗin gaskiyar abin da ka iya ba fankama ba ce. Idan a lokacin bautar ƙasa kai ka riƙe aji uku na lissafi, ka faɗa. Idan ke kika tsara littafin shige da fice na shagon mahaifinki har aka daina samun giɓi, ki faɗa, aiki ne. Ka dubi fuskar mai tambayarka da sakin fuska, ba sai ka ƙura masa ido ba. Wadda ba ta musabaha da maza, ta ɗan rusuna ta ɗora hannu a ƙirji tun kafin a miƙo mata hannu, ba wanda zai ji an kunyata shi. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, amma za ka koya. Kame-kame nan da nan ake gane shi. Kada ka zagi wurin da ka baro. Kuma ina roƙonku, a daina buɗe baki da "a taimaka mini, ni maraya ne, ƙannena bakwai." Na san gaskiya ne, zuciyata kan karye idan na ji. Amma wanda ke bayan tebur yana neman wanda zai ɗauke masa nauyi ne, to nuna masa nauyin da za ka iya ɗauka. Idan aka zo kan albashi kuma, kada ka ce ko nawa aka ba ka. Ka san cewa tun watan Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a dokar Najeriya naira 70,000 ne, ka lissafa kuɗin motarka da na abincinka na wata, ka faɗi abin da zai riƙe ka.

(Kiɗa kaɗan)

To, duk wannan ɗan yayata ya yi shi. Ya yi sammako, ya yi guga, ya gaida mutane. Shi ya sa nake cewa mun daɗe muna yi wa masu zaman benci wa'azin ladabi, mun bar masu zaman tebur.

Masu sauraro da yawa za su tuna ranar Asabar 15 ga Maris, 2014. Hukumar shige da fice ta ƙasa ta kira jarrabawar ɗaukar ma'aikata. Guraben ba su kai 5,000 ba, masu nema sun haura 500,000, wato kowane gurbi ɗaya mutum fiye da 100 ke hanƙoronsa, kuma sai da kowa ya biya naira 1,000 kafin ya cike fom. Aka ce su hallara a filayen wasa rana guda, sanye da fararen riguna da gajerun wanduna. A babban filin wasa na Abuja, da Fatakwal, da Minna, da Benin, aka yi turmutsutsu a bakin ƙofofi. Mutum fiye da 15 suka rasu, an tattake su da takardun makarantarsu a hannu. Allah Ya ji ƙansu. Abin da ya kashe su a fili yake: an karɓi kuɗin jama'ar da aka san ba a da gurbinsu, an tara su wuri guda ba tsari. Wanda ya ɗauki mai neman aiki a matsayin mutum ba zai yi haka ba.

Yau ba a cika tara mutane a filin ƙwallo ba, an koma intanet, amma rainin bai tafi ko'ina ba. Dubi tallan guraben aiki na wasu bankuna da kamfanoni: kada shekarunka su wuce 26 ko 27. Yaron da ya shiga jami'ar gwamnati, yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2020 ya ci masa wata tara, na 2022 ya ci masa wata takwas, sannan ga jiran kiran bautar ƙasa, ga shekara guda ta yin ta. Kafin ya karɓi kwalinsa ƙofa ta rufe. Wanda iyayensa suka iya kai shi jami'ar kuɗi ya gama da wuri ya shige. Ga kuma sharaɗin ƙwarewar shekara uku ko biyar a kan aikin da na masu farawa ne. A ina zai samo ta in kowa ya ƙi ba shi farko?

Mafi ciwo shi ne intabiyun da aka riga aka gama kafin a fara. Kowa ya san zancen: sai kana da hanya, sai da takardar wani babba, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a raba muƙaman tarayya yadda kowane ɓangare na ƙasa zai ga nasa, kuma akwai hukumar da aka kafa takanas domin wannan. Ƙa'idarta ita ce a tallata gurabe a jaridu kowa ya gani. Amma a 2023, da kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya zauna binciken badaƙalar ɗaukar aiki, 'yan ƙasa sun ji da kunnensu yadda ma'aikatu ke neman a yafe musu tallatawar su ɗauka a ɓoye, sun kuma ji mutane na ba da shaidar miliyoyin da suka biya don samun takardar kama aiki. Wanda ya sayar da gonar gado ya sayi gurbi, ranar da ya zauna a kujera me kuke zaton zai fara nema? Mu da ke zuwa ofishinsa neman sa hannu mu za mu biya.

A cikin wannan duhun ne 'yan damfara ke kiwo. Saƙo zai shigo cewa an zaɓe ka, ka tura kuɗin fom ko na gwajin lafiya zuwa asusun wani mutum. Duk aikin da aka ce sai ka biya kafin a gan ka, ka riƙe kuɗinka. 'Yan mata kuma, duk intabiyun da aka ce a ɗakin otal za a yi ko bayan magariba, kada ki je ke kaɗai, in ma hali ya yi kada ki je sam.

Yanzu da ku nake, ranku ya daɗe, masu kamfanoni da shugabannin ma'aikatu, har da mai shagon da ke neman yaro ɗaya. Ba mu ce ku ɗauki kowa ba, mun san guraben kaɗan ne. Amma in kun san mutum arba'in za ku gani, ku raba musu lokaci, wasu da safe wasu da rana. In za a yi jinkiri, mutum ɗaya ya fito ya ba da haƙuri, ya ce ga wurin salla, ga ruwa, ba za a tsallake sunan kowa ba. Wanda ke Sakkwato ko Maiduguri, a fara jin sa ta waya kafin a sa shi ya ci bashin kuɗin mota ya hau hanyar da kowa ya san halin da take ciki. A faɗi albashi tun a talla. In ya shigo, a ajiye waya a saurare shi, ya yi kwana biyu a hanya saboda minti goman nan. In kun riga kun ba wani gurbin, ku ji tsoron Allah kada ku kira 'ya'yan mutane su zo cika muku lissafi. In kuma kun ce za ku neme shi, alkawari kaya ne. Saƙon waya guda, wanda bai kai kuɗin fiya wata ba, ya isa: mun gode, ba a dace ba a wannan karon. Zai ji zafi kwana biyu ya fuskanci gaba. Shirun nan kuwa yakan ɗaure mutum wata da watanni, duk baƙuwar lambar da ta kira gabansa sai ya faɗi.

Shekaranjiya ɗan yayata ya shigo mini da wayarsa a hannu. Wani wurin ne kuma, a Kaduna, Alhamis ƙarfe tara. Na ce ya kira lambar ya tambaya ko ƙarfe taran nasa ne shi kaɗai ko na kowa da kowa. Ya ce, "Kawu, ba za su ga na yi rashin kunya ba?" Na ce ya kira da ladabi, haƙƙinsa ne. Ya kira, aka ce ya dai zo. Na ba shi kuɗin mota, uwarsa ta kai kaftaninsa wajen mai guga.

A nan za mu dakata a shirinmu na yau. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa, ku huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)