Suyar Naman Alade A Gida: Mu Kam Sai Ya Nuna Har Ƙashi

A gidajen masu bi na Gusau da Tsafe da Bunguɗu, ba kullum naman alade ya ke shiga tukunya ba. Ba a yanka shi a mayankar gari, ba a kuwa kasa shi a babbar kasuwa tare da na shanu da awaki. Haka abin ya ke tun kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, balle bayan da Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau cikin watan Oktoba na 1999. Yawanci sai wani ɗan'uwa ya je ganin gida kudancin Kaduna, ko Filato, ko ƙasar Zuru, ya komo da shi cikin kula a matsayin tsaraba, ko kuwa wani mai kiwo ya yanka a bayan gida lokacin Kirsimeti aka raba kashi-kashi.

To, abin da ya kamata uwargida ta riƙe ke nan tun kafin ta hura wuta. Naman saniyar da ta saya a kasuwa ya bi ta mayanka, inda aikin malaman dabbobi ne su duba shi. Wannan kuwa, sau da yawa babu wani ma'aikaci da ya sa masa ido. Ita ce malamar dabbobi, ita ce duba-gari, kaskonta kuma shi ne shinge na ƙarshe.

Suyar da mu ke zance a kanta girkin gida ne na Turawan Amurka da Ingila tun zamanin kakanninsu. Tsokar gadon baya a ke yankawa fale-fale, kowane yanka da guntun ƙashin haƙarƙari a jikinsa da ɗan kitse a gefe, a turbuɗa cikin fulawa mai gishiri da yaji, a soya cikin kasko mai kauri. Ba ta da wuya, ba ta kuma cin mai da yawa. Amma akwai sabuwar koyarwa da 'ya'yanmu su ke gani a waya, cewa a bar cikin naman da ɗan ja-ja domin ya yi taushi. Ba ƙarya su ke yi ba. A shekarar 2011 ma'aikatar aikin gona ta Amurka ta sassauta ƙa'idarta, daga zafin digiri 71 a tsakiyar nama ta komo 63, muddin an bar shi ya huta minti 3 bayan an sauke. Dalilinsu shi ne aladunsu a killace su ke cikin ɗakuna, abincin kamfani su ke ci, tsutsar da a ke tsoro a da ta kusa ɓacewa daga garkunansu. Namu fa? Duk wanda ya taɓa zaga ƙauye ya san inda aladen sake ya ke kiwo: juji, da kwata, da bayan gari inda mutane ke zagayawa. Ƙa'idar da aka yi domin waccan dabba ba ta dace da wannan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya digiri 70 ta ke faɗa, mu ma a nan muka tsaya.

Bari mu ɗan daɗe a kan wannan, gama mutane da yawa sun ɗauka ciwon ciki ne kawai na kwana biyu. Alade ya ci bayan gidan mutum mai tsila, watau doguwar tsutsar nan mai faɗi, sai ƙwayayenta su ƙyanƙyashe cikin jikinsa su zauna a tsoka. Mutum ya ci tsokar ba ta nuna ba, cikin wata 2 ko 3 tsutsar ta girma a hanjinsa, tsawonta ya kan kai mita 2 zuwa 3, wani lokaci fiye. Shi kansa mai ita sau da yawa ba ya jin kome. Amma kullum ya na fitar da ƙwai dubbai da ido ba ya gani. Idan ƙwan nan ya shiga bakin mutum, ta hannun da ba a wanke ba, ko ruwa, ko ganyen da ba a dafa ba, ba tsutsar hanji zai zama ba. Jini zai bi ya tafi tsoka, ko ido, ko ƙwaƙwalwa. Bayan shekaru sai a ga yaro ko babba ya fara faɗuwa, a ce farfaɗiya ce ta gado, ko iska, ko sammu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wurare da yawa inda mutane ke zaune kusa da aladun sake, wajen kashi 30 cikin 100 na masu farfaɗiya wannan tsutsa ce sanadi. Ita tsilar da a ke samu daga naman shanu ba ta yin wannan ɓarna a ƙwaƙwalwa, ta alade ce kaɗai.

Jama'a, ku lura da kyau: wanda ciwon ya kama ba lalle ne ya taɓa ɗanɗana alade ba. A 1992 likitoci suka ba da labarin mutum 4 cikin Yahudawa masu tsananin kiyaye doka a birnin Niyok, waɗanda ko kusa da naman ba su zuwa, amma aka sami tsutsar cikin ƙwaƙwalwarsu. Da aka bi sawu, alamu suka nuna masu aikin gida ne da suka fito daga ƙasashen da cutar ta yi yawa suka kawo ƙwan ba da saninsu ba. Mu da mu ke zaman gidan haya ɗaya da Musulmi, rijiya ɗaya, yaranmu su na cin gyaɗa daga hannun juna, sai mu auna. Naman da muka sauke da gaggawa ya na iya zama ciwon ɗan maƙwabcin da addininsa ya hana shi cinsa.

Saboda haka aikin ya na farawa tun a tire. Idan daga nesa naman ya zo, a tambayi ranar da aka yanka. Wanda ya taso daga kasuwar aladu ta Katsit kusa da Kafanchan, wadda ke ci ran Alhamis, sai ya bi Kaduna, da Zariya, da Funtuwa, da Tsafe kafin ya iso Gusau, wuni guda ke nan, ga kuma yadda hanyar ta zama a shekarun nan, ba a son tafiyar dare. Lokacin Kirsimeti hunturu ya kan taimaka. Amma Ista cikin bazara ta ke zuwa, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, ɗanyen nama kuwa bai kamata ya wuce awa 2 ba sanyi ba, cikin irin wannan zafi ma awa 1. Idan ƙanƙarar kular ta narke ruwan ya yi ɗumi, naman ya na yauƙi ko tsami, a haƙura da shi. Asarar kuɗi ta fi kwana asibiti sauƙi.

Sa'an nan a fito da shi fili da rana, a tsaga tsokar a wurare biyu ko uku da wuƙa mai kaifi. Abin da a ke nema 'yan ƙulle-ƙulle ne farare masu ruwa, kamar ƙwayar shinkafa dafaffiya. Sun fi zama a harshe, da kumatu, da zuciya, da kafaɗa, shi ya sa ƙwararrun masu saye ke jawo harshen alade su duba ƙarƙashinsa tun ya na da rai. Wanda ya ga ko ɗaya, kada ya ce zai ƙwaƙule ya ci sauran. A haƙa rami mai zurfi a binne. Rashin ganinsu kuma ba shaida ba ce cewa babu, domin wannan ne wuta ta ke da sauran aiki. Gishiri, ko hayaƙi, ko gashi sama-sama ba abin dogara ba ne, firji ma haka, tun da mun san halin wutar lantarkinmu.

Yanzu ga suyar, ta mutum 4. A yanka naman kaurin yatsa ɗaya, wajen santimita ɗaya da rabi. Nan ne hikimar tsohuwar hanya ta ke: yanka mai kauri ya kan ƙone a waje alhali cikinsa ɗanye, siriri kuwa wuta na ratsa shi kafin ya bushe. A tsattsaga kitsen gefe a wuri biyu ko uku don kada naman ya lanƙwashe ya ɗaga daga kasko. Aladunmu su kan fi na kamfani tauri, don haka a ɗan bubbuga kowane yanka da bayan wuƙa, ko a naɗe cikin ganyen gwanda da aka murje na kamar awa 1 a wuri mai sanyi. Waɗansu su kan jiƙa shi cikin ruwa lita 1 da babban cokali 3 na gishiri na rabin awa, wannan na sa ya riƙe ruwansa a wuta. Wanda ya yi haka ya rage gishirin fulawa. Idan namiji ne da ba a dandaƙe ba, za a ji ƙarni da zarar ya sha zafi. Citta da tafarnuwa da lemun tsami su na rage shi, ko da ya ke ba su kawar da shi duka.

A tsane naman da tsumma mai tsabta har ya bushe, gama jiƙaƙƙen nama ba ya soyuwa, sai dai ya dahu cikin tururinsa. A haɗa fulawa gwangwanin madara 1, da cokalin shayi 1 na gishiri, da garin citta, da masoro, da barkono gwargwadon bakin masu gida. Mai son ɓawon ya yi ƙaras-ƙaras ya ƙara cokali 2 na garin masara. A turbuɗa kowane yanka a kakkaɓe, a ajiye minti 10 fulawar ta kama.

Kasko ya zama na ƙarfe mai kauri. Waɗannan na gwangwani marasa nauyi su na ƙona fulawa nan da nan. A zuba man gyaɗa ya rufe gindin kaskon, kamar rabin kaurin naman. Man ƙuli na gida ya fi kowane dacewa a ganinmu, ya na jure wuta, ƙanshinsa kuma ya na tafiya da citta. A jefa ɗan fulawa: idan ya yi cuwa nan take ba tare da hayaƙi ba, mai ya yi. Mai kurfoti ta jira gawayi ya zama garwashi tukuna, mai itace ta janye harshen wutar. A sa biyu-biyu, kada a cika kasko, kada kuma a yi ta juyawa. Minti 4 a gefe guda har ya yi ja kamar ƙosai, a juya, minti 4 kuma.

A nan Baturen yau zai sauke. Mu kuwa da saura, kuma abin da ya rage ma tsohuwar dabara ce ta matan kudancin Amurka. A kwashe naman, a rage man ya saura kamar cokali 2, a soya albasa babba 2 a ciki har ta yi laushi, da attarugu idan a na so. A barbaɗa cokali 1 na fulawa sabuwa, ba wadda ɗanyen nama ya taɓa aka ajiye ba, a juya har ta yi ruwan ƙasa, a zuba ruwa kofi 1 da rabi a kankare abin da ya kama gindin kasko, nan daɗin ya ke. Sai a mayar da naman, a rufe, a rage wuta, ya yi minti 10 zuwa 15 ya na ɓararraka a hankali. Romon ya hana shi bushewa, tururin kuma ya kai zafi har jikin ƙashi, inda nama ya fi jinkirin nuna. Kafin a raba, a tsaga mafi kauri dab da ƙashin. Tsokar ta zama fari-fari, ruwan da ya fito ya zama garau. In da sauran ja, a mayar. Mai ma'aunin zafi na girki ya soka a tsakiya, ba a kan ƙashi ba, ya ga 71. Ya na tafiya da shinkafa, ko dankali, ko doya, mun kuma ga masu haɗa shi da tuwon masara ba su yi ƙorafi ba.

Wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyen naman a wanke su da sabulu da ruwan zafi kafin su taɓa kabeji ko tumatir. Gidajen da suka daɗe a garuruwan nan kuwa su na da wata al'ada da mu ke so sababbin zuwa su koya: kaskon alade dabam, wuƙarsa dabam, ba a ba da aronsu, ba a kuma zuba wa maƙwabci abincin Kirsimeti da cokalin da ya shiga ciki. Maƙwabtan da ke aiko mana naman layya su na karɓar shinkafarmu ne bisa amana, shi ya sa da yawa cikinmu su ke kai kaza ko rago Musulmi ya yanka. Ƙasusuwa a binne, kada a watsa a kwatar da kowa ke bi. Ko cikin ikilisiya ma ba kowa ke ci ba. Akwai 'yan'uwa Hausawa da yawa da suka tashi ba su san shi ba, har yau ransu bai karɓa ba, akwai kuma masu riƙe da Littafin Firistoci sura 11. Wasiƙar Romawa sura 14 ta riga ta hana mai ci da marar ci raina juna, don haka idan Zumuntar Mata za ta yi girkin taro, a faɗa wa kowa abin da ke cikin kowace tukunya.

Wanda ya ga waɗansu 'yan guntaye farare masu faɗi cikin bayan gidansa ko na yaronsa, ya tafi asibiti ya faɗa wa likita a fili cewa a na cin alade a gidan. Maganin ya na nan, ba shi da tsada, amma kada a saya a kemis a sha da ka, gama idan akwai tsutsar a ƙwaƙwalwa waɗansu magungunan su kan tayar da ciwon. Babban mutum kuma da ya fara faɗuwa alhali bai taɓa yi ba tun ya na yaro, a kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, in an tura shi asibitin koyarwa na Sakkwato domin hoton kai a daure a je. Sauran mutanen gidan su ma a gwada bayan gidansu, domin mai ɗauke da tsutsar sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa alamar lafiya.