Matar Fasto da Yara Ashirin

A shekarar 1964, a wata unguwa da ake kira Harlem cikin birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka, wata matar fasto ta tara yara 20 a ɗakin da ke ƙarƙashin majami'ar mijinta, ta fara koya musu kaɗa piyano. Sunanta Dorothy Maynor. Ta riga ta wuce shekara 50 da haihuwa. Ita ce malama, ita ce mai riƙe da littafin kuɗi, wani lokaci ma ita ce mai shara. Wanda ya gan ta a wannan ɗaki ba zai ce wannan ce matar da ta yi waƙa a bikin rantsar da shugabannin Amurka har biyu ba.

Me ya sa mace mai suna irin wannan ta bar manyan zaurukan duniya, ta koma ɗakin ƙasa tare da 'ya'yan talakawa? Kafin mu ba da amsa, sai mu koma baya kaɗan mu ga irin ƙofar da aka rufe wa Baƙar fata a wannan ƙasa.

Ƙofar da aka rufe

An hana bauta a Amurka a shekarar 1865, amma wariyar launin fata ba ta tafi tare da ita ba. Har kusan shekara 100 bayan haka, a jihohi da yawa ɗan Baƙar fata ba ya zama aji ɗaya da ɗan Bature. Makarantun koyon kiɗa da waƙa da yawa ba su karɓarsa. Wuri ɗaya da ya tabbata ba za a kore shi ba shi ne ikkilisiyarsa. Saboda haka ƙungiyar mawaƙan ikkilisiya ta zama makarantar waƙa ta fari ga dubban yara.

Labarin Marian Anderson ya nuna mana wannan a fili. An haife ta a birnin Filadelfiya a 1897. Tana da shekara 6 ta shiga ƙungiyar ƙananan mawaƙa ta ikkilisiyarsu ta Baftis. Ba ta gama girma ba ubanta ya rasu, uwarta kuwa ta shiga wanki da goge daɓe domin ta ciyar da 'ya'yanta mata uku. Sa'ad da Marian ta je wata makarantar kiɗa a garinsu neman shiga, aka bar ta tsaye har aka gama da kowa, sa'an nan aka faɗa mata ba a karɓar masu launin fatarta.

Ta koma gida da baƙin ciki. Amma 'yan ikkilisiyarta ba su ce "Allah ya kyauta" kawai suka yi shiru ba. Talakawa ne, masu wanki da 'yan ƙodago, duk da haka suka yi ta tara mata kuɗi har ta samu ta biya gwanin malami. A ranar Ista ta 1939, bayan an hana ta wani babban zaure a Washinton saboda launinta, ta tsaya a fili ta yi waƙa gaban mutum 75,000. A 1955 kuma ta zama Baƙar fata ta fari da aka ba babban matsayi a Metropolitan Opera, wato gidan da ya fi kowane girma a Amurka wajen wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa. Da 'yan'uwa ba su sa hannu a aljihu ba, da wataƙila wannan murya ba ta wuce bangon majami'arsu ba.

'Yar fasto, matar fasto

Dorothy Maynor ta san wannan hanya, gama ita ma ta bi ta. An haife ta a 1910 a garin Norfolk na jihar Birjiniya. Ubanta faston Metodis ne, a majami'arsa kuwa ta fara waƙa. Ta yi karatu a makarantar Hampton, wadda aka kafa domin 'yantattun bayi da zuriyarsu. A can wani malami mai suna Nathaniel Dett ya ji muryarta, ya ƙarfafa ta ta riƙe waƙa. Daga nan aka ɗauki nauyin karatunta a wata kwalejin mawaƙan ikkilisiya da ake kira Westminster.

A 1939 wani shahararren shugaban makaɗa, Serge Koussevitzky, ya saurare ta, ya yabe ta ƙwarai. Daga wannan shekara sunanta ya bazu. Ta zaga ƙasashe tana waƙa. Ta yi waƙa a bikin rantsar da Shugaba Truman a 1949, da na Shugaba Eisenhower a 1953. Amma duk da haka ba a taɓa ba ta wasa a Metropolitan Opera ba, ko da yake ta koyi waƙoƙin da ake yi a can. A shekarun da muryarta ke da ƙarfi, ƙofar tana rufe.

Ta auri Fasto Shelby Rooks a 1942, shi ne ya yi shekaru yana kiwon ikkilisiyar St. James ta Firesbiteriya a Harlem. Kowace rana tana ganin yaran unguwa suna yawo a titi bayan an tashi daga makaranta. Iyayensu na wurin aiki, gidaje a cunkushe, miyagun ƙwayoyi kuwa sun shiga unguwar. A 1963 ta daina yawon waƙa. Shekara ta gaba ta buɗe makarantar da ake kira Harlem School of the Arts, wato makarantar fasaha ta Harlem. A wannan shekara ce kuma gwamnatin Amurka ta yi dokar da ta hana wariyar launi a wuraren jama'a. Doka ta buɗe ƙofa, amma doka ba ta saya wa yaro piyano, ba ta kuma biya masa malami.

Yadda irin wannan aiki yake tafiya

Mai karatu zai iya tambaya, ashe ba gwamnati ce ke koya wa yara a ƙasa mai arziki kamar Amurka ba? I, akwai makarantun gwamnati kyauta. Amma babban rabo na kuɗin da ake tafiyar da su yana fitowa daga harajin gidaje na yankin da makarantar take. Inda gidaje ke da tsada, makaranta tana da kayan kiɗa da malamai. Inda talakawa suke, abin ya kan yi ƙaranci. In kuma kuɗi ya ƙare, darasin kiɗa da zane ake fara yankewa. Haka ya faru a 1975, sa'ad da birnin Niyu Yok ya kusa tsiyacewa. Aka sallami dubban malamai, makarantu da yawa suka rasa malaman kiɗa da na zane shekara da shekaru.

Wannan gurbi ne ƙungiyoyin da ba su neman riba suke cikewa. Irin wannan ƙungiya ba ta mutum ɗaya ba ce. Tana da kwamitin amintattu masu lura da ita. Kuɗinta yana zuwa daga kyautar mutane, da gidauniyoyin masu arziki, da ɗan taimakon gwamnati, da abin da iyaye suka iya biya. Wanda ya ba ta kyauta ana rage masa haraji. Ita kuma dole ta ba da lissafin kuɗinta kowace shekara, wanda duk mai so zai iya dubawa. In an samu rara, ba a rabawa, sai a mai da ita cikin aikin.

Da wannan hanya makarantar Uwargida Maynor ta girma. Aka ƙara darasin goge irin na Turawa, da waƙa, da zane, da wasan kwaikwayo, da rawa. Matar da manyan mutane suka saba tafa mata ta shiga bin su ofis ofis tana roƙo domin yara. Ta tara fiye da dala miliyan 2, aka gina wa makarantar gidan kanta kusa da majami'ar. Sa'ad da ta huta daga aiki a 1979, yaran sun wuce 1,000. Tun 1975 kuma gidan nan na Metropolitan Opera, wanda bai taɓa ba ta wasa ba, ya sa ta cikin kwamitin shugabanninsa. Ita ce Baƙar fata ta fari da ta zauna a wannan kujera. Ta rasu a 1996.

Ranar da aka kulle ƙofa

Kada mu ɗauka labarin ya tafi sumul. A watan Afrilu na 2010, shekara 14 bayan rasuwarta, iyaye suka kawo 'ya'yansu suka tarar an rufe makarantar. Bashi ya taru, masu ba da kyauta sun ja baya, babu kuɗin biyan malamai. Aikin da aka yi shekara 46 ana ginawa ya tsaya cik.

Wajen mako uku ƙofa tana kulle. Sa'an nan hukumar birnin ta sa baki, waɗansu masu taimako suka haɗa dala miliyan 1, aka kuma naɗa sabon kwamiti. Rabin wannan kuɗi ya fito daga gidauniyar wani mai busa ƙaho, Herb Alpert, Bature daga can wancan gefen ƙasar, wanda ya ga labarin a jarida. Shi kansa yana da shekara 8 ya fara ɗaukar ƙaho a ajin kiɗa na makarantarsu, bai kuwa manta da wannan ba. A 2012 ya ƙara ba da dala miliyan 5. Makarantar ta farfaɗo, a 2024 ta cika shekara 60.

Abin lura a nan shi ne, kyakkyawar niyya ita kaɗai ba ta riƙe aiki. Ana bukatar amintattun masu riƙon kuɗi, da lissafi a fili, da mutanen da za su ci gaba bayan mai kafawa ya tafi.

Har yanzu da sauran tafiya. Baƙar fata sun kai wajen 13 cikin 100 na mutanen Amurka, amma wani ƙidaya da aka fitar a 2023 ya nuna ba su kai 3 cikin 100 na makaɗan manyan ƙungiyoyin kiɗa na ƙasar ba. Domin gyara wannan ne wani saurayi mai kaɗa goge, Aaron Dworkin, ya kafa ƙungiyar Sphinx a jihar Mishigan a 1997. Tana koya wa ƙananan yara goge kyauta a birnin Detroit, tana kuma shirya gasa kowace shekara domin a san matasan da suka gwane.

Abin da ya shafe mu

Ya ku iyaye da dattawan ikkilisiya, koyar da waƙa ba wasa ba ne a wurin Allah. A 1 Tarihi sura 25 an ƙidaya mawaƙan da aka horar domin Haikali a zamanin Dawuda, su 288, malami da almajiri tare. Ba su tashi da gwaninta haka kawai ba, koya musu aka yi. Mun kuma san misalin da Ubangiji Yesu ya ba da a kan bawan da ya binne talantinsa. Amma yaro ba ya binne baiwarsa da kansa. Sau da yawa mu manya ne muke binne masa ita, da tsawa, ko da rashin kula.

Na yi shekaru ina koyarwa, na kuwa ga irin yaron nan da ba ya iya zama shiru, kullum yana kaɗa tebur da yatsu, da yarinyar da ta cika bayan littafinta da zane. Da fari nakan hore su. Daga baya na gane waɗansunsu baiwa ce take neman hanyar fita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ba kowane yaro da ya shiga ɗakin Uwargida Maynor ya zama shahararren mawaƙi ba. Amma yaron da ya koyi kaɗa waƙa ɗaya daga fari har ƙarshe ya koyi haƙuri, da sauraro, da zuwa a kan lokaci, ya kuma ji cewa shi ma wani abu ne. Wannan ba zai rabu da shi ba, ko ya zama manomi, ko malami, ko likita.

Ba mu da dala miliyan, amma ita ma ba da miliyan ta fara ba. Ɗakin sujadarmu yana zaune a rufe daga Litinin zuwa Asabar in ban da 'yan sa'o'i. Akwai dattijon da ya iya molo, da uwar da ta iya kiɗan tulu a Zumuntar Mata, da saurayin da ya iya piyano. Wa zai zauna da yara sa'a ɗaya a mako ya koya musu? In akwai yaro mai baiwa wanda iyayensa ba su da hali, ikkilisiya za ta iya yi masa baiko na musamman, a rubuta abin da aka samu, a karanta lissafin gaban jama'a.

Ran Lahadi mai zuwa, sa'ad da yara suka tashi yin waƙa, ka saurara da kyau. In ka ji murya ɗaya ta fita dabam, ka tambayi sunan yaron, ka kuma je ka gai da iyayensa. Allah ya ba mu idon gani da hannun taimako. Amin.