Ɗaukar hoto a taron jama'a: abin da mai waya ya kamata ya sani kafin ya tura

A komin ɗin Babban Katami, cikin gundumar Buza ta jihar Tawa, da wuya a ga ɗan jarida mai katin aiki a tarurrukan da suka fi shafar rayuwar mutane. Ko taron shawara kan ranar sakin gonaki bayan girbi, ko na kwamitin iyayen yara a makaranta, ko na sayar da hatsi a farashi mai rahusa, wanda ke ɗaukar hoto galibi matashi ne da wayar salula a hannu. Kafin a watse, hoton ya isa wurin ƴan garin da ke ci-rani a Abijan, Kano ko Libiya ta WhatsApp.

Wannan aiki yana da amfani. Idan an tsaida ranar da dabbobi za su shiga gonaki, hoton takardar da aka sa wa hannu yana iya kashe gardama tsakanin manomi da makiyayi. Idan an faɗi yawan buhunan da aka kawo, akwai shaida. Sai dai mai wayar yana aiki ne ƙarƙashin dokoki da yawancin mutane ba su taɓa karantawa ba, kuma mafi tsananinsu sun fi duba abin da aka watsa fiye da abin da aka ɗauka.

Wane taro ne a buɗe?

Dokar ƙananan hukumomi mai lamba 2010-54 ta ranar 17 ga Satumba 2010 ta tanadi cewa zaman majalisar komin a buɗe yake ga jama'a, sai in an yanke shawarar yin sa a asirce. Wanda ke shugabantar zaman shi ke da ikon kiyaye tsari a zauren. Ke nan haƙƙin shiga a saurara daban yake da izinin ɗaga waya; na biyun a hannun shugaban taro yake.

Tun watan Afrilu na 2024 hukumomin mulkin soja suka rusa majalisun da aka zaɓa, suka naɗa kantomomi a madadin magadan gari. Saboda haka yawancin tarurrukan yau kantoma ne, ko shugaban gunduma, ko sarki ke kiransu. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya iso da wuri, ya gaisa, ya faɗi sunansa da inda hoton zai je. Kalma kaɗan ta wadatar: "Ranka ya daɗe, ina so in ɗauki hoto in tura wa ƴan garinmu da ke waje, ko an yarda?" In an ce a'a, sai ya maida waya aljihu ya ɗauki biro da takarda, ya rubuta abin da kunnensa ya ji.

Akwai kuma doka mai lamba 2011-22 ta ranar 23 ga Fabrairu 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayanai da takardun hukuma. Wanda aka hana ɗaukar hoto yana iya rubuta takarda ya nemi kwafin rahoton taron.

Zauren kotu ba ya cikin wannan lissafi: can alƙali ke da iko, kuma ba a ɗaga waya sai da izininsa. Haka ma sojoji, jandarmomi, motocinsu da wuraren da suke tsaro. A jihar Tawa, inda gundumomin Tiliya da Tasara suka daɗe cikin dokar ta-ɓaci, hoton da ya nuna inda jami'an tsaro suka tsaya yana iya jawo wa mai shi tambayoyi, ko da taron kansa na zaman lafiya ne.

Inda haɗarin yake

Dokar ƴancin aikin jarida mai lamba 2010-35 ta ranar 4 ga Yuni 2010 ta soke hukuncin ɗauri kan laifuffuka irin su ɓata suna a jarida. Amma abin da aka tura ta waya wata doka ce ke duba shi: dokar yaƙi da laifuffukan intanet mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019. A 2022 an sassauta ta, aka cire ɗauri kan zagi da ɓata suna. Ranar 7 ga Yuni 2024, doka mai lamba 2024-28 ta maido da shi. Yanzu zagi ko ɓata suna ta hanyar sadarwar zamani yana jawo ɗaurin shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Watsa bayanan da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a ko zubar da mutuncin ɗan Adam kuwa, ɗaurin shekara 2 zuwa 5 ne da tarar miliyan 2 zuwa 5, ko da abin da aka watsa gaskiya ne.

Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce ya kamata kowane mai waya ya riƙe. A ce a taron sakin gonaki gardama ta kaure, wani ya miƙe ya zagi wata ƙabila. Bidiyon gaskiya ne, ba a ƙara masa kome ba. Amma in ya bazu daga Buza zuwa Madawa da Keita ya tunzura mutane, wanda ya tura shi ba zai kare kansa da cewa haka abin ya faru ba.

Ko ƙwararru ba su tsira ba. A watan Yuni na 2020 an kama ƴar jarida Samira Sabou a Yamai saboda wani rubutu da ta yi a Facebook kan binciken kuɗaɗen ma'aikatar tsaro. Da dokar intanet aka tuhume ta, ba da dokar jarida ba. Ta yi kwana 48 a tsare kafin kotu ta sallame ta ranar 28 ga Yuli.

Fuskar mutum da sunansa

Hoton da ake gane mutum a ciki yana cikin bayanan da doka mai lamba 2022-59 ta ranar 16 ga Disamba 2022 ke karewa, kuma hukumar HAPDP ce ke sa ido a kai. Kantoma ko sarki da ke jawabi a bainar jama'a yana bakin aikinsa ne. Tsohuwar da ta zo karɓar tiyar hatsi ba haka take ba. Ɗaukar fuskarta kusa-kusa a layin agaji, ba tare da ta yarda ba, tona asirin talaucinta ne ga duniya. Matan aure da yara ma sai an nemi izini, na yara daga iyayensu. Jerin sunayen masu cin gajiyar tallafi, wanda sau da yawa yake ɗauke da lambobin waya, bai kamata ya shiga kowane zaure na WhatsApp ba, don ƴan damfara irinsa suke nema.

Yadda hoto ke zama shaida

Yawancin tarurrukan karkara a ƙarƙashin itace ko rumfa ake yinsu. Mai ɗauka ya bar rana a bayansa, in ba haka ba fuskoki su fito baƙi. Ya tsaya a gefe, kada ya gitta gaban manya ko ya tsallake tabarmarsu. Hoto uku sun isa: ɗaya daga nesa mai nuna yawan jama'a, ɗaya na mai jawabi, ɗaya na takarda ko allon da aka rubuta shawara, in an yarda.

Nan take ya rubuta rana, wuri, sunan mai magana da muƙaminsa. Ya ajiye hoton na asali cikin waya, domin WhatsApp yana rage nauyin hoto ya kuma goge bayanan ranar da aka ɗauke shi, sai fa in an tura shi a matsayin takarda. Kada ya yanke bidiyo a tsakiyar magana yadda ma'ana za ta juya.

Sai rubutun da ke rakiyar hoton, wanda shi ne ya fi jefa mutane cikin shari'a. "An sanar da isowar buhunan gero, za a fara sayarwa ranar kasuwa" labari ne. "Ga ɓarayin da za su cinye hatsinmu" tuhuma ce, kuma alƙali zai nemi hujjarta. Hausawa na cewa magana zarar bunu ce. Wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba a taro, gara ya kai hoton ga gidan rediyon al'umma ko ga ɗan jaridar da zai bincika ya ji ta bakin kowane ɓangare, kafin a watsa shi da sunan kowa.