Diyyar Ɗalibin da Malami Ya Raunata: Haƙƙin Wane ne?

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wata makarantar mari a Rigasa, Kaduna, da yawansu yara, wasu da sasari a ƙafa. A watan Oktoba aka sake ganin irin haka a Daura. An yi ta maganar kame da rufe makarantu, amma batun diyyar waɗanda aka raunata bai samu kulawar da ta kamace shi ba, alhali malaman Malikiyya sun daɗe da rubutu a kansa.

Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya kawo a littafinsa Adabul Mu'allimina cewa malami ba ya wuce bulala uku wajen ladabtarwa sai da izinin uba. Idan ya yi horo ta hanyar da aka yarje masa, sai kuskure ya auku idon yaro ya tsiyaye, akwai diyya a kan aƙila, wato danginsa na wajen uba. Idan kuwa da sanda ko allo ya buge shi har ya mutu, hukuncin ƙisasi ne, domin ba a taɓa yi masa izinin duka da waɗannan ba.

Ƙimar raunuka sananniya ce ga duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1,000. Ido ɗaya rabinta, haƙori raƙuma 5. Abin da bai kai sulusi ba, mai laifi ne ke biya daga dukiyarsa. Raunin da ba a yanka masa adadi ba, alƙali ne ke ƙiyasta shi. Wadda aka yi wa fyaɗe kuwa, Imam Malik ya wajabta mata sadaki irin na takwarorinta, ban da haddin da ke kan mai laifin.

Inda aka fi samun tuntuɓe shi ne wajen sulhu. A gari irin Zoza, cikin Ƙaramar Hukumar Rogo, malamin yaro kan zama maƙwabci, ko suruki, ko limamin unguwa. Magana takan tsaya a zauren mai unguwa ko dagaci, uba ya ce ya yafe, ya bar wa Allah, a watse ana yaba masa. Yafiya kyakkyawar ɗabi'a ce, sai dai mutum yana yafe abin da yake nasa ne. Diyyar rauni dukiyar yaron ce, uba mai kula da ita ne kawai. Shi ya sa Mukhtasar na Khalil ya bai wa waliyyin ƙaramin yaro damar duba maslaha tsakanin ƙisasi da cikakkiyar diyya, bai kuma yarje masa karɓar ƙasa da haka ba sai idan mai laifin ba shi da hali.

Akwai kuma tambayar wanda zai biya. Tsarin aƙila ya yi rauni a ƙasar Hausa, albashin malami kuwa ba ya isa ko diyyar haƙori. A nan ya dace alƙalan kotunan Shari'a na Kano, waɗanda aka faɗaɗa huruminsu tun shekarar 2000, su dubi mai makarantar da ya ɗauki malamin aiki, musamman idan an taɓa kai masa ƙorafi ya kau da kai, domin sakaci da amana na jawo lamuni a fiƙihu.