KANO PILLARS DA KOFIN ƘWALLON KWANDO: ME YA RAGE A YI?

A nan Dutsi, idan aka ambaci Kano Pillars, yawancinmu ƙwallon ƙafa ke faɗo mana a rai. Amma akwai wata Pillars ɗin, ta ƙwallon kwando, wadda ita ma Gwamnatin Jihar Kano ke riƙe da ita, kuma gidanta shi ne zauren wasanni na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Da yake ita ce babbar ƙungiyar wannan wasa mafi kusa da mu, don mutum zai bi ta Daura da Kazaure ya isa Kano a yini ɗaya, mun ga ya kyautu mu duba inda ta fito, da abin da take bukata kafin kofi ya sake komawa hannunta.

Da farko dai, Pillars ba baƙuwar nasara ba ce. Ta ɗauki kofin babbar gasar Nijeriya a 2013 da 2014 da 2016 da 2017, ban da waɗanda ta ci kafin nan. A 2016, ƙarƙashin mai horarwa Sani Ahmed, ta je Alƙahira gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka, ta dawo da lambar tagulla. A wancan zamani ƙungiyoyin kudu kan zo Kano da fargaba.

Daga nan sai ruwa ya sauya hanya. A 2017 rikicin shugabanci ya ɓarke a Hukumar Ƙwallon Kwando ta Nijeriya tsakanin ɓangaren Musa Kida da na Tijani Umar, gasar cikin gida ta yi ta tangal-tangal, masu ɗaukar nauyi suka ja baya. Da abubuwa suka fara daidaita, wasu ne suka hau gaba. Rivers Hoopers ta Fatakwal ta zama zakara a 2019 da 2021 da 2023 da 2024, Kwara Falcons kuma ta ci a 2022. Cikin waɗannan shekaru kofi bai leƙo Kano ba.

Wannan rashi ya fi ciwo saboda darajar kofin ta ƙaru. A 2021 hukumar NBA ta Amurka da hukumar FIBA suka buɗe gasar BAL a Kigali, mai ƙungiyoyi 12, kuma zakarar Nijeriya ce aka ba kujera kai tsaye. Rivers Hoopers ta zo ta uku a gasar 2024. Wato wanda ya ci kofin gida shi ke fuskantar Al Ahly ta Masar da Petro de Luanda ta Angola, a gaban masu farautar 'yan wasa daga ko'ina a duniya.

To, yaya ake gina ƙungiyar da za ta kai can? Masu iya magana sun ce da sanyin safe ake kama fara. Ba a ranar wasan ƙarshe ake cin kofi ba, a lokacin hutu ake cin sa, sa'ad da shugabanni ke zama su duba wa za a riƙe, wa za a sallama, wa za a nemo.

Mutum biyar ne kowane ɓangare ke sawa a fili, kuma kowa da aikinsa. Na farko shi ne mai rarraba ƙwallo. Shi ne kamar sarkin noma a gonar gayya, shi ke faɗin inda za a sa hannu. Doka ta ba ƙungiya daƙiƙa 24 kacal ta yi jifa, saboda haka idan mai rarrabawa ya ruɗe, duk ƙungiya ta ruɗe. Ana son wanda ba ya zubar da ƙwallo idan an matsa masa a mintuna biyu na ƙarshe.

Na biyu, masu jifa daga nesa. Layin maki uku yana da nisan mita 6.75 daga kwando. Lissafin mai sauƙi ne, ko ɗan aji ɗaya zai iya: wanda ya yi jifa 10 daga nesa ya ci 4 ya sami maki 12, daidai da wanda ya yi 10 daga kusa ya ci 6. Ban da haka, idan abokan hamayya sun san akwai gwanin nesa, dole su fito su tsare shi, sai ƙarƙashin kwando ya buɗe. Ƙungiyar da ba ta da irin waɗannan mutum biyu ko uku, ƙarfinta a gida zai tsaya.

Na uku, dogo mai tsaron ƙarƙashin kwando. Bakin kwando yana da tsayin mita 3.05 daga ƙasa, kuma ƙwallon da aka jefa bai shiga ba na wanda ya riga kaiwa ne. Sai dai dogo ɗaya bai isa ba, domin duk wanda ya yi laifi biyar a wasa an fitar da shi ke nan. Wannan ya kawo mu kan 'yan benci. Ana rubuta sunan mutum 12 a kowane wasa, ana kuma buga zango huɗu na minti 10 kowanne. A zagayen ƙarshe na gasar gida akan tara ƙungiyoyi a gari ɗaya su yi wasa kusan kullum, to nan ne ake gane wanda ke da mutum biyar da wanda ke da goma.

Muna da misali daga ɗan gida. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, shi ne shugaban Toronto Raptors a Kanada lokacin da ƙungiyar ke yin ƙoƙari kowace shekara amma tana faɗuwa kafin ƙarshe. A hutun 2018 ya ba da DeMar DeRozan, ɗan wasan da magoya baya suka fi so, ya karɓo Kawhi Leonard, ya kuma sauya mai horarwa. Mutane da yawa suka yi tir. A 2019 Toronto ta ɗauki kofin NBA karo na farko a tarihinta. Ya duba abin da ƙungiya ta rasa, ya saye shi, bai bi son rai ba.

Amma Pillars ba ta da aljihun Toronto. Abin da zai riƙe mata 'yan wasa shi ne albashi a kan kari, da magani idan an ji rauni, da shiga sansani da wuri. Ɗan wasan da bai san ranar da za a biya shi ba, duk wanda ya miƙo masa hannu zai bi. Idan an samu waɗannan, aka haɗa tsofaffin hannu biyu ko uku da samari masu jini a jika, aka ƙara gwanin nesa da dogo na biyu, a ganinmu babu abin da zai hana Kano sake karawa da Fatakwal ido da ido. Idan kuwa an jira sai ana saura mako biyu a fara gasa, tarihi ba zai jefa wa kowa ƙwallo a kwando ba.

A ƙarshe, tambayar da ta shafe mu ita ce: daga ina samarin za su fito? Hakeem Olajuwon, wanda ya ci kofin NBA da Houston a 1994 da 1995, yana ɗalibin sakandare a Legas ya fara wannan wasa, kafin nan mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa. Ƙasar Daura ba ta rasa dogayen yara ba, sai dai da yawa sun girma ba su taɓa riƙe ƙwallon kwando ba. Fili mai daɓe, da sanduna biyu, da malami mai haƙuri sun isa a fara. Ya ku ɗalibai, idan an tashi daga aji da la'asar, ku zo fili. Wataƙila dogon da Pillars ke nema yana zaune a layin baya na aji uku.